Ɗana, Idan Matarka Ta Fara Laulayi

Da kai nake, ɗana, kai da aka ɗaura wa aure bara ko bana a Kebbe, ko Kuchi, ko Fakku, ko Sangi, ko can Dogon Daji da Jabo ta wajen Tambuwal. Wata rana za ka dawo daga gona ko kasuwa ka tarar da amaryarka kwance, ba a hura wuta ba, ga gwangwanin tofar da yawu a gefen tabarma. Za ka tambaye ta abin da ke damunta, ta ce babu komai. Mahaifiyarka ko yayarka za ta yi murmushi ta ce ka fita, wannan ba zancen maza ba ne. A nan yawancinmu muke sulalewa, mu fake da cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ni ina so ka dawo ka zauna, domin rabin sauƙin da yarinyar nan za ta samu a watannin da ke tafe yana hannunka. Kai ne mai kuɗin cefane, kai ne mai ba da izinin fita, kuma kai ne za ka iya yi wa mahaifiyarka magana ta saurara.

Ka fara da yarda cewa da gaske take yi. Laulayi ciwo ne. Mata 7 zuwa 8 cikin kowane 10 masu ciki suna fama da tashin zuciya, wasu da amai, wasu babu aman sai dai zuciyar ta yi ta tashi wuni guda. Yakan fara ne ciki yana da mako 5 ko 6, lokacin da ko ita kanta ba ta gama tabbatar da ɓatan watan ba. Yakan yi tsanani wajen mako na 9, sannan ga mafi yawan mata ya lafa tsakanin wata na huɗu da na biyar. Akwai 'yan kaɗan da yake raka su har ranar haihuwa. Ba shi da lokaci: wata da asuba yake kama ta, wata da la'asar, wata kuwa ba dare ba rana.

Shekaru masu yawa ko likitocin Turai ba su san ainihin musabbabinsa ba, kuma rashin sanin ya sa aka zalunci mata da yawa. Akwai wata masaniyar ilimin ƙwayoyin halitta a Amurka mai suna Marlena Fejzo. A 1999 ta ɗauki ciki, amai ya kwantar da ita har ta kasa haɗiye ko ruwa, likitan da ke duba ta ya nuna mata cewa neman a kula da ita kawai take yi. Cikin ya zube. Matar nan ta shafe fiye da shekara 20 tana bin diddigin ciwon, har a watan Disamba na 2023 ita da Farfesa Stephen O'Rahilly na Jami'ar Kambirij da abokan aikinsu suka fitar da sakamakon bincikensu a mujallar Nature. Sun nuna cewa mabiyiya tana zuba wani sinadari da ake kira GDF15 cikin jinin uwa, shi kuma ya je ya taɓa wurin da ke sarrafa tashin zuciya a ƙwaƙwalwa. Macen da jikinta bai saba da sinadarin ba tun kafin ciki ita ta fi jin jiki. Ka ga kenan abu ne da ke gudana cikin jini, kuma daga ɗan da kai ka ba da yake fitowa. Duk wanda ya ce maka shagwaɓa ce, ko ƙiwa, ko tana gudun daka ne, bai san abin da yake faɗa ba, ko da ya girme ka.

Za ka ji tsofaffi mata suna cewa su sun haifi tara, sun haifi goma, ba su taɓa kwanciya ba. Wasu gaskiya suke faɗa, domin jiki ya bambanta, kuma ko mace ɗaya cikinta na fari da na uku ba sa zuwa iri ɗaya. Wasu kuwa sun sha wuyar, ba a tausaya musu ba, sai suka ɗauka haka ake yi wa kowa. Kada ka yi jayayya da mahaifiyarka a gaban matarka. Ka same ta a ɗakinta bayan isha'i, ka ce: “Inna, yarinyar nan ba ta da ƙarfi, ina roƙon a ɗauke mata girki da surfe na ɗan lokaci.” Idan akwai ƙanwarka ko ƙanwar ita matar, a kawo ta ta riƙe mata aiki. Idan kana da uwargida, ka roƙe ta da mutunci, ka kuma san cewa alheri take yi maka, ka saka mata.

Girkin nan da na ambata shi ne babban abu, saboda hancin mai laulayi ya fi na kowa ji. Ƙamshin da kai yake sa ka jin yunwa ita amai yake jawo mata: daddawa a miya, albasa a cikin mai, kifi a kasko, hayaƙin kara, har turaren wutan da ita da kanta take sakawa a da. Wata ma warin jikin mijinta ne ba ta so, ko turaren da yake shafawa, ko ƙaurin man babur a rigarsa. Idan ta kawar da kai lokacin da ka shigo, kada ranka ya ɓaci, kada ka ɗauka ƙiyayya ce ko an yi muku wani abu. Ka yi wanka, ka sauya riga, ka bar turaren zuwa wani lokaci. A buɗe taga iska ta shiga. Idan da hali a matsar da murhu nesa da ƙofar ɗakinta.

Sai abinci. A gidajenmu sau biyu ko uku ake ci, a cika kwano da tuwo a ce ta daure ta cinye saboda abin da ke cikinta. Wannan shi ke dawo da abincin waje. Cikin mai laulayi ba ya son zama wayam, ba ya kuma son a cika shi. Abin da ke yi mata shi ne kaɗan-kaɗan, akai-akai, bayan kowace awa biyu ko uku: ɗan koko, rabin kofin kunun gero, farar shinkafa ba mai, gasasshen dankali, ayaba, ɗan burodi. Ka ajiye mata biskit ko busasshen burodi kusa da matashinta, ta ɗan ci kafin ta tashi da asuba, ta jinkirta kaɗan sannan ta miƙe a hankali. Abinci mai maiƙo da mai yaji da soye-soye a ɗaga musu ƙafa. Wanda ya huce ya fi mai zafi shiga, don ba ya tashin ƙamshi. Masu laulayi da yawa tsami suke nema, kunun tsamiya, lemon tsami, magarya, ɗanyen mangwaro da ɗan gishiri. A ba su, babu laifi. Fura da nono ma abinci ne mai kyau idan ta karɓe ta, amma a tabbatar nonon an dafa shi kafin ya kwana, ruwan damun kuma mai tsabta ne, domin gudawa a kan amai tana iya kayar da mace cikin kwana guda.

Kwaɗayi kuwa, ka yi haƙuri da shi. Za ta ce tsire take so, ka je ka sayo da kuɗin da ka wahala a kai, ta shinshina ta ture. Haka abin yake, ba wulaƙanci ba ne. Inda za ka sa ido shi ne idan kwaɗayin ya koma kan abin da ba abinci ba, kamar farar ƙasa, ko ƙasar bango, ko gawayi, ko lasar kanwa. Sau da yawa wannan alamar ƙarancin jini ce, kuma ƙasar tana iya shigar mata da tsutsar ciki ta ƙara rage jinin. Kada ka yi mata faɗa. Ka faɗa wa malaman asibiti ranar awo.

Kada ka damu ƙwarai idan na 'yan makonni ba ta cin abin kirki. A wannan lokacin ɗan tayin ƙarami ne, jikin uwa yana da ajiyar da zai ishe shi. Ruwa ne ba a wasa da shi. Ka san zafinmu na bazara, daga Maris zuwa Mayu, yadda yake haura digiri 40, mai lafiya ma leɓensa bushewa yake yi, balle wadda ke amayar da duk abin da ta sha. Kada ta ɗaga kofi ta shanye a tashi ɗaya. Kurɓi-kurɓi za ta riƙa yi wuni guda, tsakanin cin abinci, ba tare da shi ba. Ruwan randa mai sanyi ya fi shiga. Idan aman ya yi yawa a haɗa mata ruwan gishiri da sukari, ko na fakiti da ake samu a asibiti da kemis, ko na gida: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Bayan ta yi amai ta kurkure baki da ruwa, ta dakata da asuwaki ko buroshi na ɗan lokaci, saboda tsamin ciki yana sassauta bayan haƙori.

Citta tana taimakawa, kuma wannan ba zancen tsofaffi ba ne kaɗai. A ƙa'idojin kula da masu ciki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, ta ambaci citta da bitamin B6 cikin abubuwan da za a iya amfani da su don rage tashin zuciya a farkon ciki. Ɗan yanki za a daddatsa a tafasa, a sa zuma ko sukari kaɗan, ta riƙa kurɓa. Ba a ce a cika mata tukunya da citta da kanumfari da masoro ba. Yawansu ƙwannafi yake kawowa.

Waɗannan ƙa'idoji na 2016 su ne kuma suka ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko tun cikin bai wuce mako 12 ba. Ka dubi yadda muke yi. Cikin fari ɓoye shi ake yi saboda kunya, da tsoron baki, har sai ya fito ya nuna kansa a wata na biyar ko na shida. Wato daidai watannin da laulayi ya fi tsanani, yarinya tana ɗaki ita kaɗai, ba wanda ya auna jininta, ba wanda ya duba fitsarinta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna Sakkwato da Kebbi suna cikin jihohin da mata suka fi ƙarancin zuwa awo, kuma a faɗin Nijeriya mata 512 ne ke rasuwa a sanadin ciki da haihuwa cikin kowace haihuwa 100,000. Kunya ado ce, ni ma da ita aka raine ni, kuma ban ce a yi shela a kasuwar Kebbe ba. Amma nas ɗin da ke ɗakin awo ba baƙin baki gare ta ba, aikinta take yi. Ka kai matarka da wuri, ko ka haɗa ta da wata babba da ta yarda da ita.

A wurin awon za a ba ta ƙwayar ƙarin jini. Ga abin da ba a cika faɗa wa maza ba: ƙwayar nan tana iya ƙara tashin zuciya, shi ya sa mata da yawa suke tura ta ƙarƙashin katifa su ce sun sha. Ka tambaye ta a hankali. Idan tana damunta, ta gwada shan ta da dare bayan ta ɗan ci wani abu. Idan duk da haka ba ta zama, a koma a faɗa wa malaman, za su iya bar mata ƙaramar ƙwayar folik asid ita kaɗai zuwa lokacin da aman zai lafa. Ita wannan ƙaramar ba a so a bar ta, domin a makonnin farko ne take kare ɗan daga nakasar laka da ƙwaƙwalwa.

Yanzu ka buɗe kunne sosai, don nan ne rai yake. Akwai laulayin da ake jinya a gida, akwai wanda ya fi ƙarfin gida. Na biyun ba ya kama fiye da mata 3 cikin 100, amma idan ya kama, mace ba ta riƙe ko ruwa. Ba ya duba arziki: a watan Disamba na 2012 sai da aka kwantar da Kate, matar Yarima William na Ingila, a asibiti a Landan saboda shi. Idan matarka ta yi wuni da kwana duk abin da ta sha sai ya dawo. Idan fitsarinta ya ragu ya yi duhu kamar baƙin shayi, ko ta wuni ba ta yi ba. Idan ta miƙe jiri ya ɗebe ta, idanu sun faɗa, harshe ya bushe, zuciya tana bugawa da sauri. Idan ka ga jini a cikin aman. Idan tana ramewa a idonka, har wadda ke da kilo 50 ta zubar da kilo 2 da rabi ko fiye, to lokacin jira ya wuce. Ƙarin ruwa take buƙata ta jijiya, da allurar tsayar da amai, da bitamin. Ka kai ta babban asibitin Kebbe ko na Tambuwal, wanda ya fi kusa. Idan suka ce a wuce Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin mata da yara na Maryam Abacha, kada ka tsaya shawara da 'yan majalisa. Idan aka bar irin wannan ya daɗe, ƙoda tana iya taɓuwa, ƙwaƙwalwa ma tana iya taɓuwa saboda ƙarewar bitamin B1, mace ta fara ruɗewa da ganin abu bibbiyu, sai a ce iska ce a nufi gidan mai magani.

Ba kuma kowane amai ne laulayi ba, ko da mace tana da ciki. Amai da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, musamman da damina ga mu kusa da fadama, sai an gwada jini an ga ko zazzaɓin cizon sauro ne, wanda ke shanye jinin mai ciki ya kuma iya zubar da cikin. Amai da zafin fitsari da ciwon kwiɓi yana nuna ciwon mafitsara ko ƙoda. Amai mai tsanani fiye da kima wani lokaci tagwaye ne, wani lokaci kuma cikin ne bai ƙullu daidai ba, hoton ciki ne kawai zai bambance. Idan jini ya ɓalle ko mara ta murɗa, a tafi nan take. Aman da ya fara bayan ciki ya tsufa, tare da ciwon kai, da kumburin fuska da hannu, da gani dishi-dishi, wannan hawan jini ne da ke kai wa ga jijjiga, kuma yana kisa cikin sa'o'i.

Abin da na fi jin tsoro shi ne maganin da ba likita ya rubuta ba. Matarka tana wahala, tausayi ya kama ka, ka tsaya wurin mai kemis ko mai tallan magani a ranar kasuwa ka ce a ba ka na amai. Ka tuna da wannan labari. A ƙarshen shekarun 1950 wani kamfani a Jamus, Grünenthal, ya fitar da wata ƙwaya mai suna thalidomide, aka riƙa ba mata masu laulayi a ƙasashe da dama, ana cewa ba ta da illa. An janye ta a 1961, amma yara fiye da 10,000 ne aka haifa da nakasa a sanadinta, da yawansu da guntayen hannaye da ƙafafu ko babu su sam. A watanni ukun farko ake halittar gaɓoɓin ɗa, shi ya sa abin da uwa ta haɗiya a lokacin yake da nauyi. Wannan ya haɗa da jiƙe-jiƙe da sassaƙe da saiwoyi. Ban raina maganinmu na gargajiya ba, amma ba wanda ya auna ƙarfin abin da ke cikin kwalbar, kuma akwai itatuwan da ke motsa mahaifa. Likitoci suna da magungunan amai da aka daɗe ana ba masu ciki aka ga ba sa cutar da ɗa; su za su zaɓa, su faɗi adadi. Addu'a kuwa ka yawaita ta, ka tofa mata, ka yi sadaka, sannan ka ɗauke ta zuwa asibiti.

Abu biyu za ka tanada tun yau, tun tana kan ƙafafunta. Na farko izini. Mu mutanen tafiya ne, wani yana cin rani a Legas ko Ibadan, wani yana kwana a gona, waya kuma ba kullum take shiga ba. Mata nawa suka galabaita a ɗaki ana jiran maigida ya dawo ya ce a tafi? Ka faɗa a gaban mahaifiyarka da ƙanenka cewa duk lokacin da jikinta ya rikice ka yarda a kai ta, ko kana nan ko ba ka nan. Na biyu guzuri: ɗan kuɗi a ajiye wurin wanda ka amince da shi, da mai mota ko mai babur da aka riga aka yi magana da shi. Ka san halin hanyoyinmu da damina, ka san kuma yadda tafiyar dare ta zama abin fargaba a wannan yanki. Saboda haka idan ka ga alamun da rana, ku tafi da rana, kada ka ce a ga yadda za ta kwana.

Idan azumi ya same ta a wannan hali, kada ka bari a tsorata ta. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa mai cikin da ke jin tsoro ga kanta ko ga abin da ke cikinta tana da sauƙin ta sha, ta rama bayan ta samu lafiya. Yarinya takan ji nauyin a gan ta tana ci da rana a gidan surukai, ta daure har ta faɗi. Kai za ka ɗauke mata wannan nauyin, ka kai mata kunun da hannunka. Alƙur'ani a Suratu Luƙman ya sanya wahalar ɗaukar ciki cikin dalilan da suka wajabta wa ɗa kyautata wa uwarsa. Wahalar da aka ambata ɗin, ga ta nan a ɗakinka.

Ke kuma ɗiyata, idan takardar nan ta zo hannunki ko aka karanta miki, ki yafe wa tsoho shiga zancen da ba a saba ji daga bakin uba ba. Ki daina cewa babu komai alhali akwai. Ki faɗa wa mijinki sau nawa kika yi amai, ki faɗa masa rabonki da fitsari, ki faɗa wa nas idan ba kya shan ƙwayar. Idan kin ji kin tsani kowa, kina kuka ba dalili, har kina jin da ma ba ki ɗauki cikin ba, ba ke kaɗai ba ce, kuma ba muguwar uwa za ki zama ba. Ciwo ne ya gajiyar da ke, ki samu wadda kika yarda da ita ki faɗa mata. Likitoci sun lura cewa matan da ke laulayi ba su cika yin ɓari ba idan aka kwatanta da waɗanda ba sa yi, don haka kada ki ɗauka aman yana cutar da ɗanki muddin kina riƙe ruwa. Wadda ba ta laulayin ma kada ta tsorata, nata jikin ne haka.

Ɗana, idan Allah ya kawo sauƙi wajen wata na huɗu, za ka ga ta fara neman abinci da kanta. A nan za ka buɗe hannu ka mayar mata da abin da ta rasa: wake, ƙwai, kifi, hanta jefi-jefi, zogale, rama, gyaɗa, nono. Kada a ce tunda ta warke a mayar mata da turmi da tulu rana ɗaya, kada kuma a daina awo. Daga mako na 13 ne ake fara ba ta Fansidar na rigakafin zazzaɓi, wata-wata har ta haihu, da allurar rigakafin sarƙewar haƙora, ga gidan sauro da ya kamata ta riƙa kwana a ciki tun daga farko. Idan kuma za ta tafi goyon ciki gidansu, ka haɗa ta da katin awonta, ka yi wa iyayenta bayanin duk abin da likita ya ce, ka kuma tambayi asibitin da ya fi kusa da garinsu.